Neman shawara: wace fikof zan saya don jan tirelar kwana mai ƙafa 34?

Baban Amira, Hustan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu harkar manyan motoci a nan Amurka ku taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗi. Ni da maiɗakina mun tsayar da maganar sayen tirelar kwana, irin wadda ake ce wa fif-wil ɗin nan, wadda gabanta ke hawa cikin bodin fikof ya zauna a kan farantin ƙarfe, ba irin wadda ake maƙalawa a ƙasan bamba ba. Yara huɗu gare mu, duk hutun da za mu fita sai mun kama ɗaki biyu a otal, ga wahalar neman abincin halal a ƙananan garuruwa, ga wurin sallah, shi yasa muka ga gara mu riƙa tafiya da kicin ɗinmu da gadajenmu.

Wadda muka gani ta hannu ce, tsawonta ƙafa 34, tana da ɗakin yara a baya mai gado hawa biyu. Takardar da ke manne a jikinta ta ce nauyinta ba kaya laba 10,400, iyakar nauyinta in an cika ta kuma laba 13,000, wato kusan kilo 5,900 kenan. To motar ja ce matsalar. Na je wajen wani dila ya nuna min F-150 mai ƙofa huɗu yace tana jan laba 13,000 ba ko gezau, farashinta kuma ya min daidai. Wani abokin aikina yace kar in soma, in nemi Ram 2500 mai injin dizal, na ga wata ta hannu itama. Wani kuma yace sai mai taya huɗu a baya. Kaina ya ɗaure wlh. Kuma motar da zan saya ita zan riƙa zuwa aiki da ita kullum, wurin aikin ba nisa. Burinmu na farko Kolorado, in Allah ya yarda daga baya gandun dajin Yellowstone. Me kuke gani?

Kawu Mai Tirela, Kolombas

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya sanya alheri, niyya ce mai kyau, yara za su ga ƙasa.

Ka ajiye maganar nawa mota ke ja tukuna. Lambar da dila ya faɗa maka ba ƙarya bace, amma ba ita ce za ta fara tsayar da kai ba. Jaki yana jan amalanke da buhu goma a kai, amma ɗora masa buhu uku a gadon baya ka ga yadda ƙafafunsa za su yi. Fif-wil ba janta kawai kake yi ba, ɗaukarta kake yi, domin gabanta gaba ɗaya a cikin bodinka yake zaune, daidai saman aksul ɗin baya. Nauyin da ke sauka a kan kinfin, wato ƙusar ƙarfen da ke gaban tirela wadda ke shiga cikin farantin, yawanci kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ne na nauyin tirelar, kuma ka yi lissafi da nauyinta a cike, kar ka yi da wancan 10,400 ɗin, babu mai tafiya da tirela wayam, wancan lambar ta ranar da ta fito daga masana'anta ce kafin a sa mata ko cokali.

To mu ɗauki kashi 20 na 13,000, ya ba ka 2,600. Farantin da za a ɗaura a bodi shi kansa yana kai laba 150 zuwa 250, mu ce 200. Kai da uwargida da yara huɗu, mu ce 750, kuma yara girma suke ba raguwa ba. Kula ta ruwan sanyi, jakunkuna, akwatin sifana, jak, katakon da za ka riƙa sawa ƙarƙashin taya, mu ce 150. Ka tara ka gani, 3,700. Wannan shi ne abin da motarka za ta ɗauka a bayanta kafin ta motsa ko taku ɗaya.

Yanzu ka koma wajen dilan nan, ka buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, akwai sitika mai ruwan ɗorawa da fari wadda ke ɗauke da iskar taya, a jikinta an rubuta cewa nauyin mutane da kaya kada ya wuce kaza. Wannan lambar ta motar nan ce ita kaɗai, da kujerun fatarta da rufin gilashinta da duk abin da aka ƙara mata, ba ta talla ba. Lambar talla ta motar da ba ta da komai ce, mai ƙofa biyu, wadda da wuya ka ganta a filin dila. F-150 masu ƙofa huɗu da na sha buɗewa yawancinsu tsakanin 1,500 ne da 2,000. Ka ga ko kinfin ɗin kaɗai ba ta ɗauka ba, balle ku shiga. Ka manta da ita, haka Ram 1500 da Silverado 1500 da Tundra, duk ajinsu ɗaya, motoci ne masu kyau amma ba na wannan aikin ba.

Ita kuma 2500 mai dizal da abokinka ya ce, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da laba ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikin 'yan ajin 250 da 2500, musamman na shekarun baya, an tsayar da iyakar nauyinsu gaba ɗaya a laba 10,000, saboda haka duk abin da inji ya ci daga rabonka ya ci. Sai ka ga mota ƙatuwa, ƙarfi kamar me, ka buɗe ƙofa ka tarar da 2,100 ko 2,300. Ƙarfin ja tana da shi har ya yi yawa, wurin ɗauka ne babu. Ram 2500 ma tun 2014 sifirin ɗin bayanta mai naɗi ne, shi yasa take da daɗin zama in ba kaya, ita 3500 kuwa mai ganye ce.

Shawarata, ka nemi 'yar aji ɗaya sama, F-350 ko Ram 3500 ko Silverado 3500HD ko Sierra 3500HD, mai taya ɗaɗɗaya a baya, wadda sitikarta ta kai 4,000 ko kusa da haka. Girmanta a ido kusan ɗaya ne da 250, inda waccan ta shiga wannan ma za ta shiga, bambancin kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Ni ban damu da sunan kamfani ba, duk ukun suna aiki, sitika nake bi.

Ɗan Autan Zaure, Atlanta

Slm. Kawu ina neman afuwa amma ni inaga ana tsorata mutane da yawa kan abin nan. Kullum ina ganin 150 suna jan fif-wil a kan babban titin I-75 lafiya lau. Ba sai ya sa mata balan-balan ɗin iska a baya ba, in ta zauna ya ƙara iska ta miƙe? Kuɗin 350 fa ba wasa bane ga inshora ga shan mai, mutum kuma yace da ita zai riƙa zuwa aiki.

Kawu Mai Tirela, Kolombas

Auta, tambayarka a kan hanya take, kuma maganar kuɗi gaskiya ce. Waɗanda kake gani wasunsu ƙananan fif-wil ne da aka ƙera don ƙananan motoci, kuma miji da mata ne kawai a ciki, wasu kuwa sun yi lodin da ya wuce ƙa'ida ne Allah yana rufa musu asiri. Balan-balan ɗin iska yana ɗaga bayan mota ta daidaita, fitila ta daina haska sama, iyakarsa kenan. Ba ya ƙara wa aksul ƙarfi, ba ya ƙara wa birki, ba ya ƙara wa taya, kuma ba ya canza lambar da ke jikin ƙofa, su kansu masu ƙera shi suna rubuta haka a takardarsu. Ni a titi nake kwana nake tashi, abin da na fi tsoro shi ne tayar baya da ta ɗau zafi da rana tsaka a watan Yuli a Tekzas, da yara huɗu a kujerar baya. Taya tana da iyakarta a rubuce a gefenta, misali LT275/70R18 mai lodi E da ake yawan sa wa manyan nan, laba 3,640 kowace ɗaya in an ba ta iska 80. Ƙananan motocin ba da irin wannan tayar suke fitowa ba galibi.

Bakanike a Denba

Salamu alaikum. Duk abin da Kawu ya faɗa na sa hannu, ni kan inji zan yi magana tunda ka ambaci Kolorado kuma a nan nake, garejinmu kullum cike yake da motocin matafiya in bazara ta shigo.

In ka taso daga Hustan ta Amarillo ka hau I-25, za ka fara gaisawa da tsauni a Raton, iyakar Niyu Meziko da Kolorado, ƙafa 7,800 da ɗoriya. Wannan somin taɓi ne. In ka bi I-70 yamma da Denba, ramin Eisenhower, inda titi ya ratsa cikin dutse, yana sama da ƙafa 11,000, kana fitowa ta ɗaya bakin sai gangara mai kaifin kashi 7 cikin 100 mil bayan mil har garin Silverthorne, gefen titi har da hanyar tsakuwa da aka yi wa manyan motocin da birkinsu ya ƙwace. Hawa ba shi ne abin tsoro ba, ko a hankali za ka kai, sauka ce. Nan dizal ke nuna kansa, domin yana da birkin salansa, ka danna maɓalli inji ya riƙe maka mota da tirela ba sai ka yi ta taka birki har ya yi wari ba. Kuma yana da tabo (turbo), na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, iskar sama ba ta rage masa ƙarfi sosai. Injin fetur marar tabo kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, kafin ka kai bakin ramin nan kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, za ka ji yana ihu a giya ta uku, uwargida tana tambayarka ko lafiya. Lafiya lau ne, haka aka yi shi, amma sai mai haƙuri.

To amma fa ka ce da ita za ka riƙa zuwa aiki kuma ba nisa, wannan ita ce maganar da ta tsaya min. Dizal na zamani, ko 6.7 Power Stroke na Ford ko 6.7 Cummins na Ram ko 6.6 Duramax na GM, duk suna da matatar hayaƙi a salansa wadda sai mota ta yi zafi ta yi gudu mai ɗan tsawo sannan take ƙone toka ta wanke kanta. Mai tafiyar minti goma ya kashe, minti goma ya kashe, shi ne abokin cinikinmu, fitila ta kama a dashbod, mota ta rage gudu da kanta, gyaran kuma ba araha. Ga ruwan DEF na tace hayaƙi da za ka riƙa zubawa, ga juyen baƙin mai, Cummins kwat 12 yake sha, wajen lita 11 kenan, ga filtar mai guda biyu. In sabuwa ce kuɗin injin dizal kaɗai yana ƙara maka wajen dala 10,000.

Saboda haka ni a nauyin 13,000, in a shekara sau biyu ko uku za ka ja, sauran kwanakin kuma kai yara makaranta da zuwa aiki, ina ganin F-350 mai injin lita 7.3 na fetur, wanda suka fara fitarwa a 2020 da giya 10, ya ishe ka, haka 6.6 na fetur na GM, haka 6.4 Hemi na Ram. Inji ne marar tarkace, kowane bakanike a kowane ƙauye zai taɓa shi, kuma da yake bai kai dizal nauyi ba sitikar ƙofa za ta fi faɗi. Zai sha mai in yana ja, wannan ka sa a ranka. In kuma kun san kanku duk wata sai kun fita, ko kuna da niyyar canza tirela zuwa babba nan gaba, to ka sayi dizal ka huta, sai dai duk sati ka hau babban titi da ita ta yi gudu.

In ta hannu za ka saya, kar ka tsaya kan mil kaɗai, ka shiga kwamfutar dashbod ka duba awannin da inji ya yi yana aiki da awannin da ya yi a tsaye yana kunne, motocin kamfanonin haƙar mai na wajenku mil kaɗan ne amma sun kwana a kunne. Kuma in ka ga an cire mata kayan hayaƙi ka bar ta, ya saɓa dokar tarayya, mayar da su kuma kuɗi ne mai yawa.

Maman Sadik, Dalas

Assalamu alaikum. Yaya Baban Amira ka gaida min Maman Amira, ka ce mata in ji ni ta shiga maganar nan da kyau don ita za ta fi kowa zama da motar.

Mu muna da irin tirelar, kuma abin da maza ke mantawa a lissafi shi ne kayanmu. Mu ba irin masu tafiya da biredi da cuku bane. Buhun shinkafa, garin tuwo, jarkar mai, manyan tukwane, ƙaramin firiza cike da naman halal don in ka wuce Amarillo sai ka yi tafiya mai nisa baka ga shagon halal ba, dardumai, kekunan yara. Kuma babban ma'ajin kaya na fif-wil a gaba yake, ƙarƙashin ɗakin kwana, tare da tukwanen gas da batura, kenan yawancin abin da ka cusa a ciki kan motar yake komawa. Sai ruwa, mu masu alwala sau biyar mutum shida, ba ma tafiya da tanki rabi, galan ɗaya laba 8 ne da ɗan kai, galan 60 ya kai 500. Don haka kashi 20 ɗin da Kawu ya yi lissafi da shi ni a wajena shi ne mafi ƙaranci, ka bar sarari.

Mai taya huɗu a baya kuwa, tana da natsuwa a titi in iska na kaɗawa, ba musu, amma faɗin ƙugunta ƙafa 8 ne, ka yi tunanin layin ɗaukar yara a makaranta da fakin ɗin masallaci ran Juma'a da wurin wankin mota, ga taya shida in lokacin canji ya zo. A tirelarku bana jin kuna buƙatarta.

Abu ɗaya da na gani da idona a wani sansani a Oklahoma, wani bawan Allah yana ribas zai shiga gurbinsa, bodin motarsa gajere ne, ya karya kan mota sosai, kusurwar gaban tirelar ta zo ta daki gilashin baya, ji kake tau, gilashi ya zube kan kujerar da jikarsa ta tashi daga kai ba da jimawa ba, matarsa na tsaye tana ɗaga masa hannu bai gani ba. Tun ranar nake gaya wa kowa, ko ka sayi mai bodi ƙafa 8, ko in mai ƙafa shida da rabi ce ka sa faranti mai zamewa baya da kansa in an karya kwana. Akwai wanda sai ka sauko ka ja hannu, amma ranar da ka gaji yara na kuka ranar za ka manta.

Ku kuma duba tsawon gurbi kafin ku kama wuri, sansanonin cikin gandun gwamnati da yawa tsofaffi ne ba sa ɗaukar doguwar tirela. A cikin Yellowstone, sansanin Fishing Bridge ne kaɗai ke da wuta da ruwa da magudana a kowane gurbi, kuma da wuri yake cika.

Baban Amira, Hustan

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Kawu na koma na buɗe ƙofofin kamar yadda kace. F-150 ɗin 1,780 ce, 2500 mai dizal ɗin kuma 2,190, na tsaya ina kallon sitikar ina lissafin yarana. A wani wurin na samu F-350 ta 2021 mai 7.3, ƙofa huɗu, taya ɗaɗɗaya, sitikarta 4,150, bodinta gajeren ne amma tana da ramukan ɗaura faranti tun daga kamfani da soket ɗin wutar tirela a cikin bodi. Maman Amira ta karanta saƙonki Hajiya Maman Sadik, tace faranti mai zamewa da kansa ko a fasa. Saura tambaya ɗaya, lasisina na ƙaramar mota ne, zai yi ko sai na yi na manyan motoci?

Kawu Mai Tirela, Kolombas

Madalla. 4,150 ta ba ka sarari amma ba mai yawa ba, domin faranti mai zamewa ya fi na gama-gari nauyi, ga kayan Hajiya, saboda haka duk abin da zai iya zama a cikin tirela kusa da tayoyinta kar ka sa shi a bodi.

Maganar lasisi kowace jiha da dokarta. A Tekzas, in ka haɗa iyakar nauyin mota da iyakar nauyin tirela suka kai laba 26,001, kuma tirelar ta wuce 10,000, to sai ka yi lasisin aji A wanda ba na kasuwanci ba, da jarrabawar takarda da ta tuƙi. Ka duba ɗaya sitikar ta jikin ƙofa, fara, inda aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyin motar in ta cika. In 11,500 ce ko ƙasa, ka tara da 13,000 ya ba ka 24,500, kana ƙasa da layi, lasisinka ya isa. Da mai taya huɗu ka ɗauka, yawancinsu 14,000 ne, ka ga 27,000 kenan, ka haye. Duk da haka ka kira ofishin DPS, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a Tekzas, ka ji daga bakinsu.

Ranar da za ka ɗauko tirelar ka tafi da tef ɗin awo. Motocin yanzu dogaye ne, tirelar kuma tsohuwa ce, kana son aƙalla inci 6 tsakanin saman bangon bodi da ƙasan gaban tirela, kuma ta tsaya a miƙe ba hanci sama ba, in ba haka ba tayoyinta na baya ne za su sha lodin. Ka auna tsayinta tun daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki bayan an haɗa, ka rubuta a takarda ka manna a dashbod saboda gadoji da rumfar gidan mai. In kun loda komai kamar ranar tafiya, ruwa cike, yara a ciki, ka shiga tashar manyan motoci mai sikelin CAT, Pilot ko Love's ko TA, tayar gaba a faranti na farko, tayar baya a na biyu, tirela a na uku. Ka karɓi takarda, ka je ka sauke tirelar a fakin ka dawo ka sake hawa da mota kaɗai. Bambancin nauyin motar a awo biyun shi ne ainihin abin da kinfin ya ɗora maka, sai ka gwada lambar aksul ɗin baya da wadda ke kan farar sitika. Ka turo mana hoton takardun biyu a nan mu duba tare.